Gwaggona Ba Mai Haƙuri Ba Ce

Ranar sadakar uku an kafa rumfar tamfol a ƙofar gidanmu, ruwa yana zuba tun hantsi, irin ruwan Libreville da ba ya sallama kafin ya shigo. Ina tsakar gida ina zuba shinkafa a faranti, muryoyin maza suna shigowa ta taga. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu ya gyara murya ya ce wa mahaifina, "Alhaji, an yi rashin uwa. Baiwar Allah mai haƙuri, mai kawar da kai, ba ruwanta da rigimar kowa." Sauran suka amsa, "Haka ne, haka ne."

Sai na ajiye cokalin. Mutumin nan shi ne ya taɓa takawa har ɗakinta da mutum uku a bayansa, don ya ja mata kunne ta daina jawo wa Hausawa rigima. Ina wurin ranar, da idona na gani.

A ɓangaren mata ma ban sami sanyi ba. Wata ta share ido ta ce, "Yanzu wa zai soya mana fanke irin nata?" Kamar duk abin da aka binne kasko ne da matsami. Can sai ga wata 'yar Gabon, gajeriya, kanta ba ɗankwali, da wani dogon mutum yana riƙe mata lema. Ta durƙusa a bakin ɗakin Gwaggo tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Mata suka shiga raɗa, "Wannan kuma daga ina?" Ba wadda ta matsa mata a tabarma sai da mahaifiyata ta tashi ta kamo hannunta. Mahaifina kuwa tun da aka dawo daga maƙabarta carbi kawai yake ja.

Na san ba a faɗin mummunan abu a kan mamaci. Amma ƙarya ma mummunan abu ce, ko da ta yabo ce. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, kafin su gama mayar da ita wata tsohuwa shiru-shiru da ban taɓa sani ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Aure ne ya kawo ta daga Kano tun ba a haife ni ba. Mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ce ta tattara ta koma gida. Ta ce ƙanenta yana nan, nan ne gida. Ta kafa tebur a bakin ƙofar makarantar firamare ta unguwarmu, wadda duk muke ce wa lakwal, da ƙatuwar lema da murhun gawayi. Tana sayar da fanke da soyayyiyar gyaɗa da zoɓo a gorunan roba. Yara suna kiranta Mama Benye, wato Mama mai fanke. Faransancinta bai wuce na ciniki da na tsawa ba: zo nan, bari, sake shi, ina mamarka. Da wannan ta yi fiye da shekara ashirin a ƙofar nan.

Tana da wata ɗabi'a da na daɗe ban gane ba. Hannunta yana sallamar masu saye, idonta kuwa yana kan waɗanda ba su sayi komai ba. In aka fito tara ta ga yaro ya maƙale a jikin teburinta har a kaɗa ƙararrawa, sai ta jawo 'yar kujera ta ajiye a bayanta, ta miƙa masa matsami ta ce ya riƙe mata. Ba ta tambayarsa komai ranar farko. Takan ce, "Yaron da ya raɓu da wutata da rana tsaka, ba sanyi yake ji ba."

Ina aji huɗu abin ya zo kaina. 'Yan mata uku ne a ajinmu suka sa ni a gaba, har da wata doguwa da ke jan ragamarsu. Da farko toshe hanci suke yi in na wuce, su ce ina warin busasshen kifin butik ɗin babana, wato shagonsa. Suna ja mini sunan "Ausa" kamar suna kiran akuya. Suna cewa in koma ƙasarmu, ni da aka haifa a garin nan, ban taɓa ganin Kano ba sai a hoton bango. Daga nan suka koma fizge mini ɗankwali. Ranar da ba na mantawa, sun tare ni a ban ɗaki, suka tsoma ɗankwalin a ƙazamin ruwan da ya taru a ƙasa, biyu suka riƙe ni, doguwar ta ɗaura mini shi a ka. Haka na koma aji ruwan yana bin wuyana. Malaminmu ya ɗaga hanci ya ce a buɗe taga. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Na gaya wa mahaifina a butik. Ya dube ni, ya dubi titi, ya ce, "Ki yi haƙuri. Mu baƙi ne. Katin zamana ya kusa ƙarewa, ba na son sunana ya shiga kowane ofis." Mahaifiyata ta wanke ɗankwalin sau biyu tana hawaye, ta shanya, aka rufe maganar.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Na koma bi ta lungun baya don kada ta ga fuskata. Ranar Lahadi ta kira ni tsifa. Tana cikin tsefewa sai yatsanta ya tsaya a bayan kunnena, inda gashin ya tsige ya bar fili kamar kwabo.

"Wa ya yi miki wannan?"

Na ce faɗuwa na yi.

"Ƙasa ba ta da yatsu, 'yar nan. Wa ya yi miki?"

Da na gama ba ta labari ba ta rarrashe ni ba. Ta ɗaure mini kai, ta zura silifas, ta ja ni har butik. Akwai masu saye biyu a tsaye, ba ta jira sun tafi ba.

Mahaifina ya ce, "Yaya, don Allah ki bar maganar nan."

"Katin ka haifa ko yarinyar?"

"Ke ba ki san yadda ƙasar nan take ba."

"Na riga ka zuwa cikinta. Ranar da kake aji biyu aka ƙwace maka allo a Kano, wa ya je ya karɓo? Ka ce mini ka girma, ashe gemu ne kawai ya fito."

Maganar ta yi masa zafi, kuma ban ce ta kyauta ba, gaban mutane ta faɗa. Wata takwas suka yi ba sa gaisawa a gida ɗaya. Amma ko sau ɗaya ba ta fasa aika masa da kunun safe ba.

Washegari ba ta hura wuta ba. Ta riƙe hannuna muka zauna a bencin da ke ƙofar ofishin darakta, shugaban lakwal ɗin. Aka ce yana taro. Kashegari aka ce ya fita. Rana ta uku ta zo da tabarmar sallarta da goran ruwa, ta ce in gaya wa sakatariya ko zuwa La'asar ne tana nan. Kafin ƙarfe goma aka ce mu shiga.

Ni ce tafinta. Gwaggo ta yi magana doguwa: ta faɗi ban ɗakin, ta faɗi ruwan, ta faɗi malamin da tagarsa, ta ce wanda aka ba amanar yara ya ga ƙazanta a kan yarinya ya ce a buɗe taga bai cancanci riƙe alli ba. Ni kuwa tsoro ya cika ni. Na ce wa darakta, "Gwaggona ta ce wasu yara suna ɗan damuna."

Ta juyo ta dube ni. "Tawa maganar doguwa ce, taki gajera. Ina kika kai sauran?"

"Gwaggo, zai kore ni."

"Faɗa masa duka. Har da tagar."

Na faɗa duka. Darakta ya cire tabarau ya goge, ya yi murmushi ya ce ai wasan yara ne, duk duniya haka yara suke. Na juya mata. Ta miƙa hannu ta ɗauki tabaran daga kan tebur.

"Ce masa zan je in tsoma wannan a ruwan ban ɗakin, in dawo in saka masa a fuska, ya zauna da shi har a tashi. In ya yi dariya, na yarda wasa ne."

Ban san inda na samo bakin fassara wannan ba, amma na fassara. Murmushin ya tafi. Ya karɓi tabaransa a hankali, ya jawo takarda ya ce in faɗi sunayen yaran.

An kira iyayensu. Uwar doguwar ta zagi Gwaggo tas a bakin ƙofa, ta ce baƙuwa mai suya ce za ta koya musu tarbiyya. Uwar yarinya ta biyu kuwa da ta ji abin da aka yi sai ta ɗaga hannu za ta kifa wa 'yarta mari a gaban kowa. Gwaggo ta cafke hannun a sama. Ta ce in gaya mata ba ramuwa ta zo nema ba. In aka doki yarinyar yau, gobe a kan wata ƙarama za ta huce. Ba zan ce abin ya ƙare ranar ba. Toshe hanci ya ci gaba har ƙarshen shekara. Amma ba wadda ta sake kai hannu kaina.

A makon nan ne shugaban 'yan kasuwa ya zo da mutanensa. Suka zauna a tabarmarta, ya fara da "Hajiya".

Ta ce, "Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini abin da ban yi ba. Faɗi abin da ya kawo ku."

Ya ce mu baƙi ne, zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, in tana tayar da ƙura a lakwal ido zai dawo kan shagunan mutane.

"Shagonka nawa ne?"

"Biyu."

"'Ya'yanka nawa ne a lakwal ɗin?"

Ya tsaya yana lissafi.

"Ka ga ni na sani. Huɗu ne. Na ukun kullum a bayan teburina yake ɓuya, tun bara. Ka taɓa tambayarsa dalili?"

Suka tashi ba su sha ruwan da na kawo ba. Wannan mutumin ne ya ce ba ruwanta da rigimar kowa.

Da a nan ta tsaya, da mutanenmu sun yafe mata, su ce kishin jininta ne. Abin da ba su yafe ba shi ne na ƙanena. Bayan wasu shekaru, yana aji biyar, an kawo wani yaro ajinsu daga can bayan Ntoum, mai in'ina. Ƙanena da abokansa, duk 'ya'yan Hausawan unguwa, suka sa shi a gaba. Su kewaye shi su ce sai ya faɗi sunansa sau goma, suna kwaikwayonsa, suna buga masa littafi a ƙeya wai don maganar ta fito. Yaron ya daina buɗe baki gaba ɗaya, har malamai suka ɗauka bebe ne. Gwaggo ta gan shi a jikin wutarta, ta ba shi matsami. Rana ta huɗu ta ce ya nuna mata mai cutarsa da yatsa. Yatsan ya sauka a kan ɗan ƙanenta.

Ba ta dake shi ba. Ranar Asabar ta ce ya yi wanka ya sa rigar Juma'a, ta ce ni ma in zo. Muka shiga taksi, muka wuce Plaine Orety, muka sauka muka bi wata gangara mai laka har wani gidan katako. Ta tsayar da shi a gaban uwar yaron.

"Faɗa mata abin da ka yi wa ɗanta. Ɗaya bayan ɗaya. Da Faransanci, yayarka tana ji, in ka tsallake za ta gaya mini."

Ƙanena ya fara, ya kasa, ya fara, harshensa ya harɗe. Gwaggo ta ce, "Ka ji yadda magana take in ta ƙi fita? Ci gaba, mu ba za mu buga maka littafi ba." Ya gama yana kuka da majina. Uwar yaron ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da zane. Ita ce matar da ta durƙusa a ƙofar ɗakin Gwaggo ranar sadakar uku, dogon da ya riƙe mata lema kuma shi ne ɗan. Ya yi mini ta'aziyya, yana ɗan tsayawa a kan wasu kalmomi, amma ya kai ƙarshen maganarsa.

Unguwa ta ɗauka. Wai ta kai ɗan Musulmi ya durƙusa wa arna, wai ta tona asirin gida. Wata maƙwabciya ta tare ta a bakin famfo da wannan magana. Gwaggo ta ce, "Da aka yi wa 'yarmu kun ce mu baƙi ne, a yi shiru. Da ɗanmu ya yi wa na wasu kun ce namu ne, a rufa. To yaushe ne ranar magana?"

Ba waliyyiya ba ce. Bakinta yana da kaifi, in ta kira ka matsoraci sai ka kwana uku kana jin wurin. Ba ta iya ba da baki ba, ba ta iya neman afuwa ba. Akwai matan da har ta mutu ba ta amsa gaisuwarsu da fara'a, don sun san ana cutar yaro sun yi shiru. Ni ma na shiga layinsu, kuma wannan ne ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Shekara uku da suka wuce hukumar lakwal ta ce a kwashe tebura daga bakin ƙofa. Gwaggo ta koma tsallaken titi, inda ba ta ganin filin wasa, ga idon ma ya fara hazo. Ta bi gida-gida tana roƙon mata a riƙa karɓa-karɓa, kullum uwa ɗaya ta tsaya a ƙofa lokacin tashi. Makon farko mata shida suka zo. Wata bai cika ba saura ita kaɗai.

A lokacin ina da 'ya'ya biyu a makarantar, ina cikin zauren waya na iyayen yara. Akwai wata yarinya 'yar maƙwabtanmu mutanen Garwa, tana ajin ƙarshe, mai jiki, mai kunya. Al'adarta ta fara zuwa mata a aji, ta ɓata siket. Wasu yara suka ɗauke ta a waya tana gudu tana kāre bayanta da jaka, suka sa wa hoton kiɗa, suka watsa. Ya zagaya yara, ya faɗo zauren iyaye. Na gani. Wata ta rubuta, "Yaran zamani sai addu'a." Wani ya sa fuskar dariya, daga baya ya goge. Ni na kife wayar na ci gaba da yanka alayyafo. Na ce a raina uwarta ma tana zauren, ba hurumina ba ne.

Ranar Juma'a Gwaggo ta ce mini kwana huɗu ba ta ga yarinyar ta wuce ba. Na nuna mata. Ta kawo wayar dab da idonta, ta kalla har ƙarshe.

"Kin ga wannan tun yaushe?"

"Tun Litinin."

"Yau Juma'a."

Ta juya fanken da ke kasko. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni da aka ɗaura wa ruwan ban ɗaki a ka, ni da ta bar wutarta kwana uku saboda ni.

Ta kashe wutar ta tafi gidan yarinyar. Ta iske uban ya ƙwace littattafanta, yana cewa ta jawo masa abin kunya, kowa a kasuwa ya gani. Gwaggo ta shiga ɗaki ta zauna da yarinyar har aka kira La'asar. Ranar Litinin muka je wurin sabuwar darakta, wannan karon ban rage komai a fassarar ba. Madam ta ce abin da ya faru a waya ba a harabarta ya faru ba. Gwaggo ta ce a ajin wa aka ɗauka? An dai kira yara biyu aka ce su goge. Amma uban ya riga ya yanke shawara. Kafin wata ya ƙare aka tura yarinyar Garwa wurin kakarta, saura 'yan watanni ta zauna jarrabawar fita.

A hanyar dawowa daga ofishin Gwaggo ta tsaya ta dafa bango tana haki. Ta ce, "Dukan dā, ina jin ƙararsa daga teburina in taso. Wannan ba ya ƙara. Ku da kuke riƙe da abin a hannu ku ne kunnuwan yanzu, ga shi kun toshe."

Daga nan ƙafa ta fara kumbura, ta ajiye suya. Ta yi jinya wata biyar a ɗakinta, mahaifina ne yake ɗaga ta yana ba ta ruwa a cokali. Ta cika ranar Talata da hantsi, kanta a cinyarsa.

Bayan addu'ar bakwai na nemi lambar kakar yarinyar na kira Garwa, don na san Gwaggo za ta so a gaya mata. Aka miƙa wa yarinyar wayar. Muryarta ta girma. Na faɗa mata, ta yi salati.

Ta ce, "Tanti, ranar nan kowa tambayata yake me ya sa ban lura ba, me ya sa na yi gudu. Ita kaɗai ce ta tambaye ni ko cikina yana ciwo."

Na ce ta koma makaranta a can? Ta ce a'a, ɗinki take koyo, ba ta son shiga aji. Sai ta ce, "Tanti, in tambaye ki?"

Na ce ta tambaya.

"Ke ma kin ga hoton a lokacin?"

Na so in ce sai daga baya. Na ce, "Na gani. Tun ranar farko."

Ina jin ƙarar keken ɗinki a bayanta, da kukan wani jariri. Ta ce, "To." Can ta ce, "Allah Ya ji ƙan Mama Benye." Ta kashe wayar.

Allah Ya ji ƙanki, Gwaggo, Ya yalwata miki kabari, Ya yafe miki kaifin harshenki. Mu da muka gani muka kife waya, Ya ba mu kunyar da za ta tashe mu tsaye tun ranar Litinin.